Tambaya da Amsa: Neman Sunan Kakanni a Tsofaffin Takardun Ƙidaya

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan watan na masu neman asalinsu ne a takarda. Ga shida daga ciki, mun taƙaita tambayoyin.

Assalamu alaikum. Ina ganin yadda Turawa ke shiga intanet su zaro sunan kakan kakansu daga takardar ƙidaya, har da shekarunsa da sana'arsa. Kakan mahaifina manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Kano, an ce yana saurayi Nasara suka ci gari. Na ji an yi ƙidaya a 1911 da 1921. Ina zan samu takardun in duba sunansa?
*Wani malamin makaranta daga Bichi*

Wa'alaikumus salam, Malam. Gara mu faɗa maka tun daga bakin ƙofa kada ka ɓata kuɗin mota: rahotannin ƙidayar nan biyu suna nan, amma kawuna suka ƙirga, ba su jera sunayen talakawa ba.

Abin da kake gani a intanet ya samo asali ne daga yadda aka yi ƙidaya a can. A Ingila tun 1841 ake rubuta sunan kowane mutum na kowane gida, a ajiye takardun, a rufe su shekara 100 sannan a buɗe. Na 1921 sai a Janairun 2022 jama'a suka gan su. A Amurka shekara 72 ake jira. Su ma ba su tsira daga asara ba: gobara ta cinye takardun Ingila na 1931 a shekarar 1942, akasarin na Amurka na 1890 kuma gobarar 1921 ta halaka su. Amma wanda ya tsira, da suna ya tsira.

A nan Arewa ba haka aka yi ba. Adadin 1911 daga lissafin haraji aka tattaro shi, Razdan, wato Baturen da ke shugabantar kowane lardi, ya aika da jimla. A 1921, wadda ita ce ta farko bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, an bi gida-gida a 'yan garuruwan da Turawa ke mulka kai tsaye, sauran ƙasa kuwa aka sake komawa kan takardun haraji. Rahoton Arewa shi ne C. K. Meek ya fitar a 1925 cikin juzu'i biyu, kuma abin da ke ciki ƙabilu ne da harsuna da al'adu da jadawalin adadi. Ta 1931 ta zo a mugun lokaci, ga fari sun sauka a Arewa, ga karyewar ciniki a duniya, don haka wurare kaɗan aka ƙirga da gaske, saura aka yi kirdado. A 1941 yaƙi ya hana. Sai 1952 aka yi wa Arewa ƙidayar da ta amsa sunanta, aka samu mutum kusan miliyan 16.8, aka buga sakamakon lardi-lardi. Wannan tana da amfani gare ka ta fuska ɗaya: za ta nuna maka ƙauyenku a ƙarƙashin wace gunduma yake a lokacin, da yawan mutanensa. Takardun da malaman ƙidaya suka cike a 1991 da 2006 kuwa na sirri ne a doka, ba a miƙa wa mai bincike.

To ina sunan yake? Yana inda kuɗi yake. Bature bai damu da sunan manomi ba sai ranar da zai karɓi harajinsa, don haka takardun haraji su ne ƙidayarmu ta gaskiya, kuma hawa biyu ne.

Hawa na sama shi ne rahoton kimanta haraji, wanda za ka ga an rubuta Assessment Report a bangon fayil ɗinsa. Bayan dokar haraji ta Gwamna Lugga ta 1906, akan tura ƙaramin jami'i ya yi makonni a gunduma guda, yana bin ƙauyuka a kan doki, da shi da wakilin Sarki da malamai. Yakan ƙirga gidaje, da maza baligai, da mata, da yara, da shanu da tumaki da awaki da jakuna da dawaki. Ya auna wasu gonaki ya kimanta damin gero da dawa da suke bayarwa. Ya lissafa masaƙa da marina da maƙera da majema da mahauta da fatake. Kafin jadawalin akwai tarihin gundumar kamar yadda dattawa suka ba shi: wa ya sari garin, daga ina ya zo, jerin hakimai da dagatai, wani lokaci har da salsalarsu. Idan gidanku ya taɓa riƙe dagaci, ko limanci, ko sarautar sana'a irin Sarkin Maƙera ko Sarkin Fawa, akwai kyakkyawan zaton ka ci karo da suna a nan. Idan ba haka ba, za ka fita da hoton ƙauyen a zamanin kakan naka, wanda shi ma ba abin yarwa ba ne. Akasarin waɗannan rahotanni daga wajen 1907 zuwa cikin shekarun 1930 suke, kuma suna Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Hawa na ƙasa shi ne wanda kake nema ido rufe: jerin masu biyan haraji da malamin haraji yake rubutawa kowace shekara, unguwa-unguwa, sunan maigida da abin da aka yanka masa. A gundumomin da ke kewaye da birnin Kano akwai kuma aikin malaman taki, waɗanda suke auna gona da taku su rubuta sunan mai ita da girmanta. Waɗannan takardu na En'e ne, wato hukumar Sarki, ba na ofishin Razdan ba, shi ya sa kaɗan ne suka isa Kaduna. Sun zauna a ofishin hakimi da baitulmali da zauren dagaci. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 aka rushe En'e, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji a Kano a 1979, sai kundayen suka zama marayu: babu mai buɗe su, babu mai kula da su, gara da ɗigar rufi suka yi nasu aikin. Wanda ya rage yana hannun zuriyar masu sarauta da zuriyar malaman haraji. Saboda haka tafiyarka ta farko ba Kaduna ba ce. Ka fara da gidan dagacinku, ta hannun mai unguwa, da gaisuwa irin wadda ta dace. Ka tambayi wane ne ya yi malamin haraji a garin, ina 'ya'yansa. Daga nan ofishin hakimi, sannan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa.

In Allah ya sa ka samu kundin, karanta shi da wayo. Mutane sun san ƙirga na nufin haraji, don haka ana ɓoye samari, a ce yaro bai balaga ba alhali ya yi gemu. Kuma gandu sunan mutum ɗaya yake ɗauka: idan kakan naka yana noma a gandun ubansa ko na wansa, ba za ka ga sunansa ba sai shekarar da ya ware ya zama maigidan kansa. Rashin suna a shekara kaza ba hujja ba ce ta cewa ba ya garin. Shekarar da sunan ya fara fitowa kuwa ka riƙe ta da kyau, sau da yawa ita ce shekarar rasuwar uba ko rabon gandu.

Na je Kaduna na nemi fayilolin Lardin Katsina na wajen 1915 don in ga labarin garinmu, na wuni ban samu komai ba. Ko an kwashe su ne zuwa Ingila?
*Mai karatu daga Funtuwa*

Ba a kwashe ba, Malam, ƙofar da ka ƙwanƙwasa ce ba a gina ta ba a 1915. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Lardin Kano. A 1926 aka mayar da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardin kanta. Takarda kuwa tana bin ofishin da ya rubuta ta, ba ta bin taswirar yau. Don haka mai neman Funtuwa zai duba wuri uku gwargwadon shekara, kuma ya tuna cewa sunan gundumar a tsofaffin fayiloli Maska ne. Haka mutumin Gusau zai nemi Lardin Sakkwato, na Haɗeja da Gumel da Kazaure Lardin Kano, na Gwambe Lardin Bauci. Jihohin 1987 da 1991 da 1996 ba su da wuri a wannan lissafi.

Ga yadda ma'ajiyar take a tsare. Takardun kowane lardi suna da laƙabinsu: KANOPROF, ZARPROF, KATPROF, SOKPROF, BAUPROF da sauransu. Takardun babbar sakatariyar Arewa kuma SNP ake ce musu, kuma rahotannin kimanta haraji da yawa suna cikin SNP 7 da SNP 10, domin Razdan yakan aika kwafi sama. Wannan ya ba ka dama biyu: in na lardi ya ɓata, na sakatariya yana iya kasancewa.

Sai rubutun suna. Turawan farko da kunne suke rubutu, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a keken rubutunsu. Za ka ga Katsena, Hadeija, Gummel, Bautshi. Muhammadu yana iya fitowa Mohamman ko Mamadu ko Momo. Garba ya zama Garuba. Abdullahi ya zama Audu ko Abdu. Kafin ka tafi, rubuta sunan garinku da na mutumin ta kowace siga da kunnen baƙo zai iya jinsa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma nemi sunan sarautar hakimin, domin sau da yawa da ita ake kiran gunduma a fayil, ba da sunan gari ba.

Ranar zuwa ka riƙe katin shaida, da takardar gabatarwa daga makaranta ko wurin aiki ko masarauta in da hali, da kuɗin rajistar mai bincike. Za a ba ka littattafan jerin fayiloli. Zauna ka bi su layi-layi, wannan kaɗai yana iya cin yini. Ka kwafi lambar fayil cikakkiya, da shekara da take, domin harafi ɗaya in ya kuskure wani fayil za a kawo maka. Fensir ake amfani da shi kusa da takarda, ba biro ba. Nemi izini kafin ka ɗauki hoto, in an ba ka fara da bangon fayil ɗin sannan shafuka a jere, in ba haka ba bayan wata uku za ka tarar da hoto 400 a waya ba ka san wanne daga ina yake ba. Wani fayil yana cikin jeri amma ba ya kan kanta, ko an mayar da shi gurbin da ba nasa ba, ko ya ruɓe. Kada ka ware wa aikin ƙasa da kwana uku, kuma ka ba Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi mai nata takardun, rabin yini, tunda yana cikin gari ɗaya.

Kafin ma ka hau mota, duba shafin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari. A ƙarƙashin lamba EAP535 an ɗora hotunan fayiloli masu yawa daga Kaduna, kyauta ake karantawa. Abin da ke Landan kuwa, a jerin CO 446 da CO 583, wasiƙun Gwamna ne da Ofishin Mulkin Mallaka. Manyan maganganu ne, sunan ƙauye bai cika hawa can ba.

Duk bayanin da nake ji na maza ne. Ni dangin mahaifiyata nake son bi, kakarta ta wajen uwa. Akwai takardar da ta rubuta mata?
*Wata Hajiya daga Zariya*

Hajiya, kin taɓo inda ya fi wuya. A takardar haraji mace lamba ce a gefen sunan mijinta, kuma jami'in da ya rubuta lambar bai gan ta ba. Abin da maigida ya faɗa a zaure shi aka ɗauka.

Inda mata suke da suna shi ne gaban alƙali, musamman a rabon gado. Ba a raba gado sai an jera magada, don haka shari'a guda tana iya ba ki sunan mamaci, da matansa, da 'ya'yansa maza da mata, da iyayensa in suna raye, da abin da kowa ya samu. Babu takardar ƙidayar da ta kai wannan cika. Haka shari'ar saki da ta rikicin gona da ta riƙon maraya. Kundayen da Larabci suke, da rubutun hannu irin na Magariba wanda ake ɗiga wa fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama, don haka ki nemi malamin da ya saba da rubutun allo da na tsofaffin littattafai. Wanda ya yi Larabcin boko zalla yakan yi tuntuɓe a nan. Misalin irin abin da ke ciki shi ne shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga. Ki tambaya a tsohuwar kotun da ke yankin da aka yi rasuwar, da rajistaran kotunan shari'a na jiha, da fada. Ba a jera kundayen da sunan mutum ba, da kwanan wata aka jera su, don haka sai kin san shekarar rasuwar ko kusa da ita, da sunan alƙalin zamanin in zai yiwu.

Akwai wata rajista da ya kamata a ambata, ko da yake ba kowa ke son jinta ba. Daga farkon mulkin Turawa har zuwa 1936 da aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa, kotuna suna rubuta waɗanda suka fanshi kansu ko aka 'yanta su: suna, da kimanin shekaru, da ƙabila, da inda mutum ya nufa bayan 'yanci. Mata sun yi yawa a ciki, domin da yawa mai niyyar aure ne yake fansarsu. Gidaje masu yawa, har da manya, suna da kaka ta wannan hanyar. In bincike ya kai ki nan, ki yi shawara da manyan gida kafin ki baza a dandalin zumunta na dangi. Abin da ya zame miki tarihi yana iya zama ciwo ga wata gwaggo da ke raye.

Amma kafin kowace kotu, zauna da tsofaffin matan gidan, kowace ita kaɗai, ki naɗi muryarta a waya da izininta. Su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wa aka ba riƙo. Ki lura da alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, za ta ce Malam ko Mai Gari ko ta yi laƙabi. Kada ki matsa mata, ki samo sunan yanka daga bakin wata. Ki tambayi zanen fuska da na jiki na kakar, da garin da aka ɗauko ta amarya, da abin da ake mata kirari da shi. Sau da yawa waɗannan ukun sun fi suna nuna hanya.

Mu a wannan ɓangaren Faransa ce ta mulke mu. Shawararku ta shafe mu?
*Mai karatu daga Maraɗi*

Ta shafe ku, har kun fi mu sa'a ta wani gefen. Ƙidayar ƙasa baki ɗaya ta farko a Nijar sai 1977 aka yi ta, amma tun zamanin mulkin mallaka akwai ƙidayar mulki: kumandan ko mataimakinsa yakan fita rangadi, a tara gari a gindin bishiya, kowane maigida ya gabato da iyalinsa a rubuta. Lanho, wato harajin Faransa, na kai ne, yana hawa kan mata ma, shi ya sa littattafan nan sukan ɗauki sunan maigida da matansa da 'ya'yansa da shekarar haihuwa ta kirdado da dabbobinsa. An ci gaba da wannan aiki bayan 1960. Nemi littattafan a ofishin mulki na yankin da a gidan sarautar kanto, sannan Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Yamai, inda rahotannin rangadi da tarihin kowane yanki suke.

Ka kiyaye abu uku. Na farko, mazaunin mulki ya yi ta sauyawa: Damagaram ce babban birni daga 1911 zuwa 1926, kuma akwai shekarun da daga Tasawa ake mulkin Maraɗi, don haka a can sunan zai fito. Na biyu, rubutun Faransanci: Tessaoua, Madaoua, Issoufou, Mahamane, Dan Koulodo, u ta zama ou, c ta zama tch, j ta zama dj. Na uku, in ka ga an rubuta né vers kafin shekara, ma'anarsa an haife shi wajen shekara kaza, ido ne ya kimanta, yana iya kaucewa da shekara biyar ko fiye.

In suna ya ɓace daga littafi ba tare da an rubuta mutuwa ba, duba kudu. Kafin a soke aikin tilas a 1946, mutane da yawa sun tsallaka ƙasar Katsina da Daura da Sakkwato don gudun lanho da aikin dole da ɗibar soja, wani lokaci gari guda. Kwafin manyan rahotanni yana Dakar, inda jerin 11G ya shafi Nijar, 2G kuma rahotannin shekara-shekara, akwai kuma hotunansu a Aix-en-Provence a Faransa. Masu bin salsalar sarauta su nemi rahoton tawagar Tilho da ta shata iyaka daga 1906, domin tafintanta Landeroin ya rubuta tarihin gidajen sarautar Maraɗi da Gobir da Damagaram daga bakin mutanen lokacin.

An ce kakanmu daga ƙasar Hausa ya zo, wasu sun ce soja ne, wasu sun ce fataken goro ne. Sunan da muka sani kawai shi ne nasa haɗe da Kano.
*Wani matashi daga zangon Kumasi*

Ɗan'uwa, kada ka ɗauki Kanon nan a matsayin hujja tukuna. Magatakardan soja yakan haɗa sunan mutum da garin da ya ambata, mutum kuwa babban garin da za a gane yake ambata, ko da daga ƙauyen kwana uku da shi ya fito. Kalmar Hausa ma a takardun Turawan Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ta haɗa kusan duk Musulmin da ya gangaro daga arewa yana jin harshen. An yi ƙidaya a can a 1891, 1901, 1911, 1921, 1931 da 1948, rahotanninsu za su nuna maka yawan baƙi a gari, ba sunayensu ba.

Raba zancen biyu ka gwada kowanne. In soja ne, lambarsa ita ce mabuɗi. Ku bincika gida ko akwai lambar yabo ko takardar sallama. Lambobin yabo na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da lamba da suna da runduna a zane a gefensu. Da lambar za a iya bin rajistar lambobin yabo a Landan. In a Yaƙi na Biyu ya rasu, musamman a Bama inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi, shafin hukumar kula da kaburburan sojan Kwamanwel yana da sunaye, kyauta. In fatake ne, hanyarsa ta bi ta hannun maigidan da ya saukar da shi. Tambayi fadar Sarkin Zango da gidan limamai wane gida ne ke saukar da Kanawa a zamanin, sannan ka duba takardun filaye da na shari'a a ma'ajiyar gwamnati ta Kumasi da ta Manhyia, fadar Sarkin Asante. Ka kuma tambaya ko daga Salaga, tsohuwar kasuwar goro a arewacin Ghana, ya gangaro, domin bayan yaƙin basasar garin a 1892 'yan kasuwarsa sun watsu zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa. Wani reshen danginku kuma yana iya kasancewa a Najeriya tun korar baƙi da Ghana ta yi a 1969, da takardun gida a akwatinsu.

Mun buɗe adakar marigayi kakanmu muka samu rasiɗan haraji da wasiƙu da ajami, wasu da shekarar Hijira. Yaya za mu gane shekarunsu, kuma yaya za mu adana su?
*Wasu 'yan'uwa daga Gusau*

Kun samu abin da mai tambaya ta farko yake yawon nema. Lissafin Hijira mai sauƙi ne: ku ninka shekarar da 0.97 ku ƙara 622. Misali 1340 sau 0.97 ya ba da 1299.8, a ƙara 622 ya zama 1921.8, wato tsakanin 1921 da 1922. Kuskuren ba ya wuce shekara guda. Ku lura da lambobin: a rubutun Larabci na gabas biyar kamar sifiri take, sifiri kuma ɗigo ne, nan ne aka fi yin ɓata.

Takardar da ba ta da shekara, ku auna ta da abin da ta ambata. Hatimin Sarki ko sunan hakimi yana ba da iyaka. Lissafi da fam da sule na nufin kafin 1973. Haka za ku yi da maganar tsofaffi: wanda aka haifa shekarar yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914 ke nan, annobar mura 1918, zuwan jirgin sama Kano 1925, zuwan Sarauniya 1956. Kada ku yi lissafin shekara 25 ga kowane uba da ɗa kamar yadda wasu littattafai ke yi. A gidan mata da yawa mutum yana haihuwa yana ɗan 22, ya kuma haihu yana ɗan 65, sai ku ga wa ya girmi ƙaninsa da shekara 40, har a ɗauka ubansa ne.

Wajen adanawa, kada ku manne su da roba mai zafi irin ta shagon hoto. Ba ta ɓaruwa, kuma zafin yana cin tawada. Kada ku liƙa yagaggen wuri da salatif, yana rinewa ya bar tabo. Ku cire allura da ƙusar takarda masu tsatsa a hankali. Kafin ku taɓa tsarin da kuka same su, ku ɗauki hoton tarin yadda yake, domin takardar da ke kwance kusa da wata sau da yawa ita ce ke fassara ta. Sannan ku ɗauki kowace gaba da baya, a inuwa da rana, ba tare da walƙiyar waya ba, ko ku sa a na'urar kwafi a kan ɗigo 300 zuwa 600 a kowane inci. Wadda ta naɗe ta bushe kada ku buɗe ta da ƙarfi cikin hunturu, za ta karye a kan lanƙwasar. Ku jira iska ta yi laushi. Ku shimfiɗa kowace tsakanin fararen takardu biyu, a cikin kwali, a kan kanta nesa da ƙasa da bango, ba cikin leda ba, domin leda tana tara gumi da damina. Ku duba kwalin sau biyu a shekara saboda gara da kyankyaso, hotunan kuma ku raba wa aƙalla mutum uku a gidaje daban-daban.